Tsumman Kubat

Saikal na durƙushe gaban murhu tana tsame soyayyiyar fulawa daga mai, cikinta na wata takwas ya tokare mata gwiwa, sai ta ji ƙugin mota a ƙofar gida. Ta leƙa waje. Yayanta Esen ne ya diro da bulalar doki a hannu, ko murfin motar bai rufe ba. Kaf ƙauyukan yankinsu na At-Bashi an san Esen, hannunsa ya riga bakinsa magana.

Surukarta, Inna Burul, ta tare shi da burodi yadda ake wa baƙo a al'adarsu. Ya kau da kai. Wanda kuwa ya ƙi gutsurar burodin gida, ba alheri ya kawo shi ba.

"Tattara kayanki!" ya daka wa Saikal tsawa.

"Yaya, lafiya? Me na yi?"

"Gwaggo ta ji da kunnenta a wurin biki, mijinki na ƙwala miki kira cikin jama'a, wai 'Tsumma, taso mu tafi!' Tsumma fa! 'Yar Baba ce tsumma? Baba ya ce in kawo ki yau, kuma in kin tsallake ƙofar nan, ke da gidan nan har abada!"

Matsamin ya suɓuce daga hannunta. Ta san mahaifinta, ba ya tofar da yawu ya dawo ya lashe.

Gaskiya ne, mijinta Kubat haka yake kiranta, tun ranar da ta gaya masa tana da ciki. Yakan faɗa yana dariya yana jan gefen ɗankwalinta, ita kuma ta kai masa duka da ludayi. Sau uku tana tambayarsa dalili, sau uku yana kawar da zancen.

"Wasa ne, Yaya, wallahi wasa ne! Ko yatsa bai taɓa ɗaga mini ba!"

"Rufe mini baki! Da wasa ake fara wulaƙanci."

Ana haka Kubat ya sauko daga kiwo. Ko dokinsa bai ɗaure ba Esen ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Faɗa mini abin da ya sa ƙanwata ta zama tsumma!"

Kubat ya dubi cikin matarsa, ya ƙi amsawa. Bulala ta sauka a kafaɗarsa. Shiru. Ta sake sauka.

"Ka yi magana, don Allah ka yi magana!" Saikal ta ƙwalla ƙara. "Tafiya za a yi da ni fa!"

Hawaye kawai ke bin fuskarsa. Nan tsoro na biyu ya shige ta, wanda ya fi na bulala ciwo: anya ba gaskiyar Gwaggo ba ce? Esen ya damƙi hannunta ya ja ta har ƙafarta ɗaya ta hau dokin ƙofa. Ta riƙe katakon gam.

"Sake ta, yaro."

Inna Burul ce, tsaye da burodinta a hannu.

"'Ya'ya huɗu na binne a bayan tudun can, kowanne da suna mai daɗin faɗi. Da na haifi wannan, kakarsa ta ce mu ɓoye shi. Ɗan Kwikwiyo muka yi ta kiransa har ya shekara bakwai, don in mutuwa ta biyo ta ga ba abin ɗauka. Bara ƙanwarsa Aiperi, wadda kowa ke yabon kyanta, ta tafi a wurin haihuwa, shi ya ɗauko gawarta. To ka ji dalilin tsumman. Ɓoyon ƙanwarka yake yi. Ya gwammace ka fasa masa baya da ya faɗi darajarta a fili."

"Inna, kin tona!" Kubat ya zube ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Yanzu an ji... yanzu an san ita ce duk abin da nake da shi!"

Saikal ta zare hannunta daga na yayanta, ta lallaɓa ta durƙusa gaban mijin. Ita ma tsoron haihuwar nan ya daɗe yana cin ta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Dube ni. Wanda ya ba da rai ba a yi masa ɓoyo. In kwanana ya ƙare, ko toka ka kira ni zan tafi. In da saura, ba mai taɓa ni. Kira ni da sunana, ina so in ji."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Saikal," ya ce da ƙyar.

Esen ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da kansa ya koma ya ba Baba haƙuri, ya kuma ja wa Gwaggo kunne.

'Yan'uwa, kunne na jin suna, amma ba ya jin dalili. Kada dangi su raba aure a kan "an ce", su tambaya tukuna. Shi kuma mai so ya sani, maganin tsoro tawakkali ne. Haƙurin Saikal bai faɗi ƙasa ba: bayan sati uku ta sauka lafiya, ta haifi mace. Kubat ya zaɓi sunan da ya fi kowane daɗi, Nurperi, ya fito ƙofar gida yana ta kiransa da ƙarfi har maƙwabta suka firfito.