Mai Tsaron Kwana ta Uku

Ku matso kusa, yara, in ba ku labarin jikata da 'yar motarta rawaya.

A garinmu, a saman shagon mai gyaran keke, muna da ɗakin tseren ƙananan motoci. Kowace mota ba ta wuce tafin hannu ba. Titinsu yana kan wani dogon tebur. Yana da layi huɗu, kowane layi da tsaginsa. Lantarki ne yake jan mota, kai kuma kana matsa kunamar wata 'yar na'ura da ke hannunka. In ka matsa da yawa a kwana, fit! Sai mota ta fice daga tsagi ta yi gefe.

Shi ya sa muke da doka. Duk wanda ba ya cikin tsere, sai ya tsaya a kwana. In mota ta fice, maza ya mayar da ita layinta, ko ta wane ce. Shekarata talatin ina rubuta sakamako a ɗakin nan, kuma ba na wasa da wannan doka.

Jikata shekararta goma. Ni na ba ta motar, daga cikin guda arba'in da na tara a kabad ɗina na gilashi. Ita ta sake mata fenti. Ita ta goge tayoyin da samfefa har suka yi sumul. Kai, har a bakin gadonta take ajiye ta.

Wata Asabar muka hau kekunanmu, ana yayyafi.

"Kaka, yau sai na shiga tseren ƙarshe," in ji ta.

Na ce, "To, sarkin cika baki. Fara cinye burodinki da cuku tukuna."

Mutum huɗu kawai ke shiga tseren ƙarshe, waɗanda suka fi yawan zagaye. Jikata ta yi zagaye hamsin da biyu, ta zama ta huɗu. Saura yaro ɗaya da zai iya kawar da ita, Hidde, ɗan ajinsu mai koriyar mota. In ya wuce hamsin da biyu, ita ta fita ke nan.

Aka sa ta tsaron kwana ta uku.

Hidde ya fara da kyau. Can sai motarsa ta fice, ta faɗo daidai gaban jikata. Ta dube ta. Ta dubi allon sakamako. Sai ta shiga lalube a ƙarƙashin tebur.

"Mayar da ita mana!" Hidde ya yi ihu.

"Ai nema nake yi!" in ji ta.

Ina wani nema? Ga mota nan tana taɓa yatsunta! Sai da sauran suka zagayo sau biyu, sannan ta mayar. Hidde ya ƙare da hamsin da ɗaya.

Na ga komai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na daure. So nake in ga abin da za ta yi.

Hidde ya zo ya miƙa mata hannu. "Kin yi ƙoƙari. Ni kuma an ce mini in tsaya a kwana ta uku."

Ba ta iya kallon idonsa ba.

Aka fara tseren ƙarshe. Motar rawaya ta shige gaba, sai gudu take yi. Amma a kwana ta uku jikata ta matsa da yawa, mota ta yi tsalle. Kafin ta taɓa ƙasa, Hidde ya cafe ta, ya dasa ta a layinta.

"Matsa! Matsa mana, har yanzu ke ce gaba!" in ji shi.

Ta yi zagaye ɗaya. Sai ta saki kunamar. Motar rawaya ta tsaya cak a tsakiyar titi, sauran suka wuce ta fuu.

Na kashe wutar titin. "Lafiya? Mota ce ta lalace?"

"A'a, Kaka." Hawaye ya cika mata ido. "Ɗazu na ga motar Hidde. Da gangan na ƙi mayarwa. Wurinsa ne wannan, ba nawa ba."

Hidde ya buɗe baki yana kallonta.

"Haba! Ni fa na ɗauka da gaske ta ɓace miki," in ji shi.

"Ka yi haƙuri, Hidde. Don Allah."

Na ce, "Na gani tun ɗazu, yarinya. Kin san doka. Asabar biyu ba ke ba tsere, sai tsaron kwana."

"Na yarda, Kaka."

Ta ɗauke motarta da kanta, ta koma kwana ta uku. Hidde ya ɗora koriyarsa, aka sake tsere daga farko. Sau biyu motarsa tana ficewa a gabanta. Sau biyu tana mayarwa kafin a ƙifta ido. Ya zo na biyu, har da tsalle don murna.

Da muka zauna shan koko mai zafi, ya zo ya zauna kusa da ita.

"Ke, sarkin lalube," ya ce, "yaya kika yi tayoyinki suke kama titi haka?"

Ta yi dariya, tana share hanci. "Kawo ta nan. Naka ai kamar ba a taɓa goge su ba."

Muna komawa gida ta ce, "Kaka, kana fushi da ni?"

"Ɗazu na yi. Yanzu kuwa, duk motocin kabad ɗina ba su kai ki ba."

To, yara, ku riƙe wannan. In an ba ku amanar abin wani, ku kula da shi kamar naku, ko da kuna gasa da mai shi. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku, ku gyara. Yau jikata ita ce ke koya wa sababbin yara tsaron kwana, kuma kullum ta uku take zaɓa.