Gyaran Layi na Tara

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kan Baffa Sallau ya faru, kuma daga bakinsa na ji.

Kun san aikinsa auna nauyin baƙin rami ne. Can nesa a sararin sama akwai wasu fitilu masu tsananin haske, kwaza ake ce musu. A tsakiyar kowace akwai rami mai haɗiye komai, har haske. Ba a ganinsa. Sai dai a auna gudun iskar gas da ke kewaya shi, a lissafa nauyinsa.

Shekara shida yana bin kwaza ɗaya tare da matarsa, Anti Lantana. Shi ke ɗaukar haske, ita ke lissafi. Saura kaɗan su gama, ciwon kwana uku ya ɗauke ta.

Bayan sadakar arba'in ya koma ɗakin hangen taurari da ke kan dutse, shi kaɗai. Lissafi ya ƙi fita.

Wani dare ƙwari suka yi tsit. Ya ji ƙamshin turarenta.

"Malam."

Ya waiga. Ga ta kan kujerarta, da mayafinta ruwan toka.

"Ka yi kuskure a layi na tara," in ji ta.

Sai ya lura. Bakinta na gama motsi, sannan muryar ta iso, kamar daga ƙasan rijiya. Ya dubi ƙasa. Ƙafafunta ba su taɓa siminti ba.

Ya san ba ita ba ce. Wallahi ya sani. Amma ya miƙa mata littafin. Ta karɓi biro da hagu, yadda Lantana ke yi.

"Kin sha wuya?" ya tambaya.

Ta rufe littafin.

"Taso mu fita. Daga bakin dutse an fi ganin ramin."

Bakin dutsen nan, wanda ya zame sai dai a ɗauko gawarsa. Baffa ya miƙe. Har ya yi taku biyu. Sai ya tuna 'yarsu Ummita, tana barci a gida, a ɗakin Inna. Ya fara Ayatul Kursiyyu.

"Ni kake kora, Malam?"

Ya runtse ido, yana karatu yana kuka. Da ya buɗe, babu kowa. Can sai murya ta iso, a hankali: "Sai da safe."

Gari ya waye, ga layi na tara an gyara, da rubutunta sak. Ramin ya kai nauyin rana sau miliyan ɗari bakwai. Abokan aikinsa suka bi lissafin, suka ce daidai ne, suka ba shi shawara ya buga shi duniya ta gani.

Ya ce, "Sunan wa zan sa a kan aikin?"

Har yau takardar na cikin akwatinsa, bai sake buɗe ta ba.

Kada wanda ya gaya wa Ummita. Kuma kada wanda ya hau dutsen nan shi kaɗai, balle yana kewar mamaci. Ku yi addu'a, ku kwanta.