Totuwa a Bakin Bututu

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Hansai ta faɗo ofishin Sufeto Zubair a Funtua, ko sallamar kirki babu. Tun jiya Juma'a aka sace bawul ɗin injin matse gas na gidan manta, ƙarfen da in babu shi ba a ɗura wa ko Keke Napep ɗaya gas.

Tun da fetur ya gagari talaka, masu Keke Napep da bas-bas ɗin Bakori da Malumfashi suka koma gas, kowane mai gidan mai yake neman irin injin nan ido rufe. Kayan gyaransa kuwa sai an yi oda daga waje, a yi ta jira wata da watanni.

Kuratan ofishin, sarakan gaggawa, tun jiya suka kulle maigadin gidan man, Malam Sanda. Litinin za a kai shi kotu, dattijon da ko ƙofar caji ofis bai taɓa takawa ba.

Shi Sufeto ba ya tsawa, kuma wallahi shirunsa ya fi tsawar wasu tsuma mutum. Ya sa aka fito da tsohon, ya ba shi ruwa. Malam Sanda ya dage cewa jiya ko nan da can bai motsa ba.

"To Baba, Juma'ar fa, a ina ka yi ta?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ashe masallaci ya tafi ya bar ƙofa a saye, tsoron kora ya sa shi ƙarya.

A gidan man, kekuna sun yi layi har titi, direbobi na ta tsaki. Sufeto ya tsuguna gaban injin. An rufe gas kafin a kwance, an jera notuna a kan tsumma. Bakin bututun kuma an toshe shi da totuwar masara, an feƙe ta tsaf ta shige daidai. Injiniyan gidan ya ce su murfin roba suke sawa.

Sufeto ya yi murmushi. A gona ya tashi, ya san masu gyaran injin casa da na ban ruwa ba sa barin bututu a buɗe, totuwar da ke kusa suke cusawa don kada ƙasa ta shiga. Ya tambayi Hajiya ko cikin ma'aikatanta akwai wanda ya fito daga wannan sana'a. Ta ce akwai Ɗanjuma mutumin garin Ƙarfi, amma shi kam ko allura ba zai ɗauka ba.

Aka kira Ɗanjuma ofishin gidan man. Ya ce tun Alhamis yana ƙauye wajen suna. Sufeto bai musa masa ba.

"Shi ke nan, jeka. Jibi Baba Sanda zai tafi kotu. Sai dai ina mamakin mutumin da ya tausaya wa ƙarfe ya toshe shi, amma bai tausaya wa tsoho ba."

Ɗanjuma ya kai bakin ƙofa, ya kasa fita.

"Yallaɓai, ni ne."

Ya kai su Sufeto wani shagon yankan ƙarfe bayan kasuwa. Ga bawul ɗin Hajiya, ga wani sabo fil a gefensa, wanda ya kusa gama ƙerawa da hannunsa. Ya ce ya gaji da ganin injuna suna tsayawa ana jiran kaya daga waje. Ya roƙi aron bawul ɗin ya auna, aka hana shi, shi ne ya ɗauka da niyyar mayarwa kafin a farga.

Sufeto ya daɗe yana jujjuya sabon ƙarfen. Aikin ya burge shi ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

"Allah Ya ba ka hannu, Ɗanjuma. Amma an kulle mutum saboda kai, ka yi shiru."

A ƙofar caji ofis suka yi kiciɓis da Malam Sanda, an sake shi, yana gyara hula. Ɗanjuma ya durƙusa da ankwa a hannu, yana neman gafara.

Tsohon ya dube shi, idonsa ya ciko.

"Na yafe maka, ɗan nan. Amma jikokina suna tsaye aka tura ni cikin mota. Wannan da wane inji za ka gyara min?"

Sufeto ya kama kafaɗar Ɗanjuma a hankali, ya shige da shi ciki.