Rijiyar Gaba Talatin

"Buɗe hannunka!"

"Baturiya, mutane na jirana bakin rijiya..."

"Su jira! Na ce ka buɗe!"

Na buɗe. Ƙwayoyi uku ne farare, na ƙarfin aiki, irin waɗanda Baba Sanda, ƙanen ubana, yake sawo mini daga kasuwar Agiye. Matata ta dube su, ta dube ni.

"Jiya biyu ne, Sabo. Shekaranjiya ɗaya."

Watanmu bakwai da aure, ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

A shekarar fari ne, tamanin da huɗu. Rijiyar ƙauyenmu, yamma da Gidan Sori, ta ƙafe, ni kaɗai kuwa na gaji ginar rijiya wajen ubana. In ban kai ruwa ba, gida arba'in za su tashi, har da uwata da ba ta iya tafiya. Kwana goma sha shida ina shiga.

"Ba ka ci, ba ka barci, haƙoranka sai gurzar juna suke. Don Allah ka huta yau, sanyin idona."

"In huta, Inna ta sha mi? Hawayenki?"

Na haɗiye su a gabanta, na fita. Ina jin kukanta har ƙofar gida, ban waiwaya ba.

Bakin rijiya kowa ya san abin da nake sha. Ba wanda ya taɓa cewa uffan. Dikko Bafillace, da shanunsa huɗu da suka rage, har kirari yake mini.

"Sabo ingarma! Yau nagge za ta sha, ko?"

Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, aka zura ni. Zurfin gaba talatin. Sama ta koma kamar faifai.

Dokar aikinmu ɗaya ce. Iskar ƙasan rijiya ba ta da yawa. Da ka ji kai ya yi nauyi, ka ja igiya sau uku, a fitar da kai. In ba ka ja ba, ba mai taɓa ka, don janye magini yana tsakar sara haɗari ne. To ƙwayar nan nauyin kan take ɗaukewa. Ina sara, ina dariya, ina ganin ruwa yana ɓulɓulowa inda busasshen yashi ne kawai. Daga nan ban san komi ba.

Sauran, Dikko ya ba ni labari.

Baturiya ta kawo fura da hantsi, ta leƙa.

"Ban ji sara ba."

"Hutawa yake," in ji Baba Sanda.

"Ku jawo shi!"

"Bai ja igiya ba, ɗiyata. Ba a karya doka."

"Da mi zai ja, Baba? Kun ba shi abin da ya hana shi jin jikinsa, kuna jira ya ji jikinsa?"

Ba wanda ya motsa. Sai ta ajiye ƙwarya, ta ci ɗamara, ta kama igiya ita kaɗai. Mace, a gaban dattawa! Igiya ta yage mata tafin hannu, ba ta saki ba. Dikko ya fara kamawa, sauran suka bi.

Na farfaɗo kaina bisa cinyarta, baki duk kumfa, jikina na kaɗawa. Muryarta na fara ji.

"Kai ka sawo, Baba. Kai ka yi masa kirari, Dikko. Ni ma kwana goma sha biyar ina gani, na yi shiru don ina son ruwa. Dukanmu muka zura shi!"

Baba Sanda ya laluba aljihu, ya fito da ƙullin ƙwayoyin, ya zubar a ƙasa, ya murje da takalmi. Bai ɗaga kai ba.

Dikko ya kwance igiyar daga ƙuguna, ya ɗaura a nasa.

"Ni gina ban iya ba. Sabo ya faɗi yadda ake yi, mu shiga ɗaya-ɗaya. Kowa kaɗan."

Mumuni maƙeri ya tuɓe riga. Garba maƙwabcinmu ma.

Na kama hannunta. Jini ne. Ni da ban yi kuka ranar da aka binne ubana ba, sai ga hawaye.

"Baturiya... ban kai ruwa ba."

Ta share mini baki da bakin zanenta.

"Yi shiru, maigida. Ba rijiya na aura ba."