Madannin da Aka Ɗaure

Ana dab da magariba aka sauke wani tsohon piyano a falo, ƙarti huɗu suna nishi. Uwar gidan tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta yi mamaki ba, don shekara ashirin ke nan mijinta yana wannan sana'a. Idan kwantena ta iso daga ƙetare da piyano na gwanjo, shi ake kira. Zai buɗe murfi ya shinshina ko ruwa ya taɓa shiga, ya haska allon baya ko ya tsage, ya duba ko gara ta ci katakon, sannan ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama yana saurare. Shi ya sa ake ce masa Mai Kunne.

"Wannan kam namu ne," in ji shi. "Madanni ɗaya ne ba ya magana, dillali ya ɗauka babban ciwo ne, ya sakar mini."

Ya cire allon gaba ya nuna mata. 'Yar gudumar da ke bugun wayar madannin ce aka ɗaure da baƙin zare, ɗauri bakwai, aka cusa ƙyalle tsakanin wayoyin.

"Maigida, wannan ba lalacewa ba ce. Hannu ne ya ɗaure shi."

"To hannu zai kwance. Ke da ba ki bambance ƙarar tukunya da ta murfi!"

Mai hankali da ya tambaya. Shi bai tambaya ba, babu ma wanda zai tambaya, masu abin suna bayan teku, wataƙila sun daɗe a ƙasa. Ya sa almakashi ya yanke, ya jefa zaren da ƙyallen a shara, ya danna. Sautin ya fito siriri, ya daɗe bai mutu ba.

Washegari rana na faɗuwa duwatsu suka fara sauka a kan rufi. Aka fita, babu kowa. Aka dawo, piyano a rufe, amma madannin nan yana kuka shi kaɗai. A rana ta uku uwar ta tarar da 'yarsu Auta zaune a gabansa, idonta a buɗe ba ta ganin kowa, tana danna wuri ɗaya har yatsarta ta fashe.

Babu abin da ba su yi ba. Mai Kunne ya sake ɗaure gudumar da sabon zare, da safe suka ga zaren a kwance, an naɗe shi tsaf a kan murfi. Ƙartin nan huɗu suka dawo, suka kasa ko motsa piyanon. Uwar ta je ta tone shara da hannunta tana neman tsohon zaren, ashe motar shara ta riga ta kwashe. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Auta ta daina ci. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Ranar ta tara aka zo da wani malami, tsoho mai ƙarancin magana. Ya zauna a ƙasa ya fara karatu, hasken taga yana ja yana dushewa. Can Auta ta juyo, muryar da ta fito daga bakinta kamar ana jan tsohon katako.

"Ya isa, malam."

"Wane ne kai?"

"Mai ɗakin. Shekara saba'in ina cikin shirun nan. Tsohuwar da ta ɗaure mini shi ta san mutunci, ni kuma ban taɓa kowa ba. Wannan ya zo da almakashi."

"An sake ɗaure maka."

"Ɗakin da aka yi ƙara a ciki ya ɓaci. Yarinyar nan ba ta da surutu. Nan zan zauna."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya sandare, jini ya ɓalle mata ta hanci, uwar ta rungume ƙafafunta tana cewa a bari, don Allah a bari.

"Ƙona ni," in ji muryar, "tare za mu ƙone."

Malam ya dakatar da karatun. "Me za ka karɓa ka fita?"

"Abin da aka ƙwace mini. Shirun sauti ɗaya. Daga kunnen wanda ya yanke."

Malam ya dubi Mai Kunne. "Ni ban ce ka yarda ba. Da kunnen nan kake ci da iyalinka."

Mai Kunne ya dubi matarsa. Ita kuwa idonta yana kan awarwaron Auta.

"Ya ɗauka," in ji shi.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Malam ya miƙa hannu ya danna madannin. Kowa ya ji sautin, ban da mutum ɗaya.

"Baba," in ji Auta, da muryarta ta da, siririya. "Baba, ruwa."

Mai Kunne yana durƙushe a gabanta yana kallon leɓɓanta suna motsi. Ya matso da kunnen dama, ya juya na hagu. Sannan ya ɗago ya dubi matarsa.

"Me ya sa ba ta magana?"

Uwar ta dubi piyanon, ta dubi 'yarta. Sai yanzu ta gane inda ta san sautin nan tun ranar farko: muryar Auta ce.

"Ruwa take so," ta ce, ta miƙe ta ɗauko kofi.