Hoton Almuru a Bakin Kogon Teku

Dutsen farko ya faɗo ne ana tsakiyar cin abincin yamma. Mashavu ta zuba rogon da ta dafa da ruwan kwakwa, ta ɗora kifi a kai, ladanin ƙauyen bai daɗe da yin shiru ba, kanumfarin da aka kwashe daga shanya yana ta ƙamshi a buhu a bakin ƙofa. Sai kwanon rufin ya yi ƙara kamar an doka ganga, abin ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida kusa da tabarmarsu.

Mashavu ta ce yaran unguwa ne, ta tashi ta leƙa waje tana faɗa, ba ta ga kowa ba. Mijinta Kombo ne ya ɗauki dutsen. Irin na bakin teku ne mai huji-huji, jiƙe sharkaf, da ɗanyen gansakuka a jikinsa, yana warin gishiri. Daga gidansu zuwa bakin ruwa kuwa tafiya ce mai nisa, ko a kan babur. Ya juya shi a hannu, ya wurga shi bayan madafa. 'Yarsu Riziki, wadda ba ta daɗe da fara ɗaura zane ba, ta cire hannu daga kwano. Ta juya fuskarta yamma, inda sauran jan rana yake mutuwa a bayan itatuwan kwakwa, ta ƙura ido ba ta ko ƙiftawa.

Kombo mai ɗaukar hoto ne, amma ba na biki ko suna ba. Bakin tekun tsibirinsu na Pemba yake bi da kyamararsa: duwatsun da ruwa ya ƙwaƙule gindinsu suka tsaya kamar za su kife, farin yashi, jiragen masunta suna dawowa rana tana nutsewa a bayansu. Otal-otal ne ke saye su rataya wa baƙi. Wata rana mai wani otal ya ce masa faɗuwar rana ta ishe shi, kowa ma yana da ita, shi yanzu wadda ke da mutum a ciki yake so, a wurin da ba a taɓa ɗauka ba.

Kombo ya san wurin. Can arewa akwai wani hancin dutse da ya kutsa cikin teku, da kogo a ƙarƙashinsa. A bakin kogon akwai tsummoki ja da fari a ɗaure, da tsohon kaskon turare. Masunta in sun zo giftawa bayan la'asar kawar da kai suke yi, su rage murya. Kowa ya san akwai masu wurin, ba mai ambatonsu. Kuma duk tsibirin babu inda rana take faɗuwa da kyau kamar nan.

Kwanaki kaɗan kafin jifar, ya goya Riziki a babur ya kai ta. Tsummokin da kaskon suna ɓata masa hoto, sai ya sa ƙafa ya ture su gefe. Ya ɗora yarinyar a kan dutsen da jan mayafinta, iska tana kaɗa shi. Ta ce masa tana jin tsoro, tana jin kamar numfashin jariri a ƙarƙashin ƙafarta. Ya ce ruwa ne ke shiga ramuka, ta tsaya kawai. Da duhu ya fara cin fuskarta, ya kunna walƙiyar kyamara. Hasken ya faska har cikin kogon. Wani abu ya yi ƙara siririya sau ɗaya, ya ce mata tsuntsun teku ne.

A hanyar dawowa ya ce in uwarta ta tambaya, ta ce tana gidan Bi Mboja tana taya ta kankare kwakwa. Bi Mboja maƙwabciyarsu ce, tsohuwa wadda mijinta ya rasu, a bayanta Riziki ta yi rabin goyonta. Yarinyar ta faɗi abin da aka sa ta. Hoton kuwa ya fita fiye da duk wanda Kombo ya taɓa ɗauka, mai otal ya sa aka buga shi ƙato, ya rataya a ɗakin cin abinci.

Daga ranar dutsen farko, gidan bai sake ganin almuru lafiya ba. Da rana ta yi ja, kaji su yi tsit, sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ruwan tulu ya koma na gishiri, a zubar a ɗebo sabo, kafin magariba ya sake komawa. A bayan bangon yamma, inda ba komai sai gonar rogo, ana jin mace tana rarrashin yaro cikin wata murya mai gurgura kamar ruwa a rami. Riziki ta daina zuwa makaranta. Idanunta suka kumbura suka rufe, ko ashana aka ƙyasta a ɗaki sai ta dafe fuska ta yi ta kuka, kukan da ba irin nata ba. Dole suka koma zama cikin duhu, su uku, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa.

Mashavu ta rame. Ta yi ta lissafin inda 'yarta ta taka da abin da ta ci, duk inda ta bi sai ta dawo kan yammacin nan guda da yarinyar ta yi a waje.

"Baban Riziki," in ji ta wata rana, "ba inda ta je sai gidan tsohuwar nan. Me ta ba ta?"

Kombo yana goge gilashin kyamararsa. Saura kaɗan ya faɗi gaskiya. Ya dubi idanun matarsa da suka faɗa, ya tuna ƙafarsa tana ture kaskon, sai ya ce Allah ne masani, ya ci gaba da goga.

Washegari a bakin rijiya, gaban matan ƙauye, Mashavu ta kira Bi Mboja mayya. Ta ce ta goyi yarinya ne don ta cinye ta in ta girma. Tsohuwar tana wurin. Ta ɗauki bokitinta ba ruwa a ciki ta koma gida, daga ranar mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta gifta. Kombo yana jin tarinta ta katanga, abinci ya daina wuce masa.

Ya saci jiki da hantsi ya koma hancin dutsen, da niyyar mayar da kayan inda suke. Ya tarar an riga shi. Tsummokin suna ɗaure, kaskon yana zaune a mazauninsa, babu sawun kowa a yashi. Ya durƙusa a bakin kogon ya ba da haƙuri da duk kalmar da ya sani. Ruwa ya shiga, ruwa ya fita. Da yamma jifar ta fi ta kullum.

Ɗan'uwan Mashavu ne ya ɗauko wani malami, Maalim Shaame, daga wani ƙauye kusa da garin Wete, dattijo siriri, mai karatu, wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shan shayi, ya zaga gidan, ya ɗanɗana ruwan tulu ya tofar. Ya tambayi Kombo ko akwai abin da ya kamata ya sani. Kombo ya ce babu. Dattijon ya dube shi ya daɗe, sannan ya sa aka shimfiɗa wa yarinyar tabarma a tsakar gida, uwarta ta riƙe ta, ya zauna wajen kanta ya fara karatu.

Rana ta yi ƙasa. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe su. Dutse bai faɗo ba ranar, shirun ya fi jifar nauyi. Can jikin Riziki ya sandare, ta tashi zaune kamar an ja ta da igiya, idanunta a rufe, ta juya fuska daidai inda ubanta yake tsaye.

"Ya isa, Maalim," in ji wata tsohuwar murya daga bakinta. "Kana ƙona ni, ni ma kuwa ina salla."

Maalim Shaame ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta gidan mutane. Ta ce sunanta ba nasa ba ne. Ta ce tun kafin a dasa kanumfari na farko a tsibirin take zaune a kogon arewa, ba ta taɓa bin kowa gida ba. Almuru shi ne safiyarsu. Ran nan ta fito da ɗanta bakin kogo ya sha iska, yana buɗe ido ke nan, wani ya ture mata kaya da ƙafa, ya tsayar da 'yarsa a kan rufin ɗakinta, ya watsa wa jaririn wuta fara a fuska. Tun ranar ɗanta bai sake gani ba.

Mashavu ta ce ƙarya ne, 'yarta ba ta taɓa zuwa can ba, tana gidan Bi Mboja.

"Tambayi mai kyamara," in ji muryar. "Ya zo ya ba dutse haƙuri. Ni kuwa jira nake ya buɗe baki a gidansa."

Ba wanda ya motsa. Kombo ya zauna a ƙasa, ya faɗi komai, tun daga maganar mai otal har ƙaryar da ya sa a bakin yarinya. Bai iya duban matarsa ba. Ya dai ga hannunta ya ƙara ƙanƙame Riziki.

Maalim ya ce an zalunce ta, ba musu, amma ta faɗi abin da zai raba ta da yarinyar. Ta ce idanun yarinyar take so, ta riga ta fara ɗauka.

"Yarinya ba ta yi miki komai ba."

"Ɗana ma bai yi masa komai ba."

Dattijon ya koma karatu, a hankali, ba ya tsayawa, har jikin Riziki ya riƙa karkarwa, muryar tana nishi. Da ya sassauta, ta ce a sauke hoton a ƙona, don rufin ɗakinta ba abin kallon masu cin abinci ba ne, kuma kada wani na gidan nan ya sake taka wurin. Maalim ya ce an yarda. Ta ce jini fa? Ya ce ba za a yanka mata ko tsako ba. Ta ce to ita me za ta gaya wa ɗanta in gari ya waye musu ya tambaye ta me ya sa har yanzu duhu?

"Ɗauki nawa idanun," in ji Kombo.

Maalim Shaame ya daka masa tsawa, karo na farko da aka ji ya ɗaga murya, ya ce ba a yi wa irinsu tayi. Amma magana ta riga ta fita.

"Ba duka ba," in ji muryar, ta yi laushi kamar ta gaji. "Almuru kawai."

Dattijon ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ta rantse. Riziki ta yi atishawa mai ƙarfi, iska mai warin teku ta ratsa tsakar gidan ta fice ta ƙofa, yarinyar ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta buɗe ido da ƙyar, ta ce ƙishirwa take ji, ta tambaya me ya sa ba a kunna fitila ba.

Da zai tafi, Maalim ya ce wa Kombo ya yi ta istigfari, ya ce ta aljana ta wuce, saura ta mutane, wannan kuwa ba karatunsa ne zai warware ta ba. Mashavu ba ta yi wa Kombo faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Abu ɗaya ta ce, tana shafa kan 'yarta: "Kana zaune na tafi rijiya na zagi tsohuwar nan."

Da safe ya je otal ya roƙi hoton, ya ƙona shi a bayan gida, ya goge na cikin kyamara. Sauran yinin ya yi shi yana kai da kawowa tsakanin ƙofarsa da ta maƙwabciya, yana komawa. Sai da rana ta yi ja ya iya yin sallama.

Bi Mboja ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya faɗa mata duka, bai rage ba. Yana cikin magana ya ga kamar ana zuba toka a kan komai: ƙofar ta dushe, zanenta ya dushe, sararin sama da ya san yanzu ja ne wur ya koma baƙin ƙirin. Dundumi ya sauko masa a tsakiyar magana. Ya ɗaga kai yana neman fuskarta, ya ga ko ta huce ko ba ta huce ba, bai ga komai ba.



"Ba a nan aka zage ni ba, Kombo," in ji ta. "A bakin rijiya ne. Can za ka faɗa, gobe, lokacin da mata suka cika."

Ya ce zai faɗa. Ya miƙe ya juya, ya yi taku biyu ya yi karo da katanga. Ya tsaya yana lalube, kunya ta hana shi kiran kowa. Ya ji tsohuwar ta ja dogon numfashi a bayansa, ya ji takunta a hankali. Ba ta kama hannunsa ba. Bakin rigarsa ta riƙe da yatsu biyu, ta ja shi har ƙofar gidansa, ta sake shi, ta koma ba ta ce masa sai da safe ba.