Gumbar da Nwabueze Ya Daka

Da rana tsaka Keziya ta fara ganinsa, yana zaune a bakin siton audugar Alhaji Ɗantsoho da ke Tudun Wadar Zariya, ya sa kwano tsakanin ƙafafu yana shan garin rogo. Gari ne da ruwa da ɗan gishiri, shi ke nan. Ita kuwa gwaggonta ce ta aiko ta sayen audugar kaɗi.

Ta dubi kwanon, ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

"Malam, laifin me ka yi aka ɗaure ka?"

"Wa ya ce an ɗaure ni?"

"Ai wannan ko 'yan gidan yari aka ba sai sun yi bore."

Sunansa Nwabueze, mutumin Gabas ne. Shi ke auna kaya a siton, shi ke gadi, a ɗakin da ke jikin siton yake kwana. Dokar Alhaji ɗaya ce, ba wuta. Ba murhu, ba ashana, ko fitila sai tocila. Wanda ya taɓa ganin auduga ta kama ba zai ce Alhaji ya tsananta ba. In kuma kaka ta yi, ko ƙofa ba ya iya bari, balle ya je wajen masu tuwo.

Ya gaya mata haka. Ta ce, "Wuta aka hana ka, ba hankali ba. Miƙo kwanon."

Ta zubar da jiƙon, ta ɗebi sabon gari ta yayyafa masa ruwa kaɗan. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙuli-ƙuli ta murtsuke, ta yanka albasa da tumatir daga cefanenta, ta zuba man gyaɗa da yaji, ta cuɗa da hannu. Ya kai loma ɗaya ya tsaya yana kallonta.

"Ci mana, Sarkin Jiƙo. Ni ba a cikin kwanon nake ba."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Daga ranar, audugar gwaggo ta riƙa ƙarewa da wuri. Keziya ta koya masa jiƙa tsamiya ya dama da garin gero, ta koya masa kaɗa garin ɗorawa, da jiƙa aya a daka a tace, da dama garin kuka da nono. Ranar da ba ta samu tsayawa ba, sai ta ajiye masa ƙwarya rufe da faifai ta wuce. A ƙarƙashin faifan akwai 'yar takarda, don ta yi makarantar Mishan.

"Sarkin Jiƙo, ka sha kafin ya yi tsami. Na ga ka rame. Ba na son namijin da iska za ta kwashe."

Shi kuma in zai mayar da ƙwaryar sai ya rubuta a baya, "Kezina, na sha. Yunwar ciki ta tafi. Ɗaya yunwar tana nan sai kin zo."

Mahaifinta, Malam Edward, tsohon mai haɗa magani ne, Bahaushe Kirista, mutum mai magana ɗaya. Da zancen ya kai gare shi bai ce komai a kan ƙabila ba, tunda coci ɗaya suke zuwa. Abin da ya ce shi ne, "Ɗakin da hayaƙi ba ya tashi, ba zan kai 'yata ta zauna tana cin ɗanye kamar akuya ba."

Ga kuma Malam George, malamin makaranta daga Hanwa, mai keke da farar riga da murhun kananzir. Tuni ya aiko manyansa neman auren Keziya, an ce su dawo bayan Kirsimeti.

Nwabueze ya rasa abin da ke masa daɗi. Can sai ya tuna wani abu. Kwanaki, Labaran mai dakon buhuna ya taɓa shigowa da wani farin dunƙule mai zaƙi da ƙamshin citta, ya ce a wani gida aka raba, ya gutsura masa. Gumba. Ba wuta, ba tukunya, kuma ta fi duk abin da ya ci a Zariya daɗi. Bai tambayi dalilin rabon ba. Ya ce a ransa, wannan zan kai wa Baba, ya ga ba sai da hayaƙi ake ciyar da mace ba.

Bai gaya wa Keziya ba, so yake ta yi mamaki. Ya aro turmi, ya surfa gero ya wanke, ya daka da citta da kanumfari da zuma, har tafinsa ya yi kanta ya fashe. Ya dunƙula, ya jera a sabon akushi.

Ran Lahadi bayan an taso coci ya isa gidan. Malam Edward na zaune a zaure, George na gefensa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Nwabueze ya durƙusa ya gaida dattijon, ya tura akushin.

"Baba, da hannuna na yi. Ko ashana ban ƙyasta ba."

Malam Edward ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Na ce wa ya aiko ka ka kawo mini wannan a ƙofar gidana?"

George ya yi 'yar dariya ya ce, "Sadakar mamaci ya kawo maka, Baba. Da ranka."

Keziya ta leƙo daga cikin gida, tana ganin akushin ta dafe kai. Malam Edward ya mayar da murfin ya ce, "Ɗauki kayanka. Kada ƙafarka ta sake taka nan."

Ƙwarya ta daina zuwa. Nwabueze ya koma gari da ruwa da gishiri, shi ma ba ya wucewa. In ya ji takun mace a bakin sito sai ya saki igiyar sikeli ya fito, ya tarar mai tallan goro ce. Har aya ya riƙa jiƙawa kullum, wai ko za ta zo, ta yi tsami ya zubar. Da ya bi ta layinsu ya ga keken George jingine a ƙofa, sai ya ce shi ke nan, ta yarda.

Ya kasa haƙuri. Ya roƙi Labaran ya tsare masa ƙofa, ya nufi Tudun Jukun wajen gwaggon nan mai kaɗi. Gwaggo Ishatu yayar Malam Edward ce, Musulma, tsohuwa mai kaifin baki. Ya same ta tana murza mazari.

"Kai ne mai gumbar?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To zauna, sakarai. Yarinya na can ta ƙi ci ta ƙi sha. Ta ce in ka zo in gaya maka, ko George zai kawo murhun zinariya, Sarkin Jiƙo take so."

Ya sunkuyar da kai don kada ta ga idonsa. Ya ce, "Gwaggo, na san yanzu ana yin ta a sadakar mutuwa. Amma fushin Baba ya wuce haka."

Ta ajiye mazarin.

"Sunansa na yanka Isiyaku. Ranar da ya ce ya bi Mishan, mahaifinmu ya sa aka fito da gero, ya ce ɗansa ya mutu. Aka daka gumba aka raba wa unguwa. Yana tsaye a ƙofar gida da ransa, yara na wucewa da ita a hannu suna ci. Ni aka ba taɓarya." Ta dubi hannuwanta. "Har yau muna gaisawa, yana barin 'yarsa ta zo mini. Amma ko ruwa bai sake karɓa daga hannuna ba."

Nwabueze ya ce, "Ashe kashe shi na je na sake yi."

"Ka yi. Amma kai jahilci ya sa ka. Kuma wanda ya ce maka gumba ta mutuwa ce kawai, rabi ya sani. A garinmu da ita ake ɗaura aure." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Kana da ƙarfi?"

"Ina da shi."

"Ɗauki turmin can."

Haka suka ratsa har Tudun Wada, tsohuwa a gaba da taɓarya da ƙwaryar jiƙaƙƙen gero, ƙato a baya da turmi a ka, mutane na tsayawa kallo. Ba ta yi sallama a zaure ba, tsakar gida ta wuce ta ce ya sauke. Ta zuba gero ta fara daka.

Malam Edward ya fito da tabarau a hannu. "Yaya, mene ne haka?"

"Abin da ka gani."

"A gidana?"

"A gidanka. Waccan sa ni aka yi, ina daka ina kuka. Wannan ni na sa kaina. Ta auren 'yata ce." Ta sauke taɓarya tana haki. "Yaron nan hannunsa ya fashe don ya faranta maka. Wancan mai keken ya san ciwonka, ya yi dariya. Ka zaɓa, Isiyaku."

Ƙarfinta ya ƙare, taɓarya ta fara karkacewa. Keziya ta fito daga ɗaki, ta rame, idanunta sun kumbura. Ta karɓa ta ci gaba. Nwabueze bai san lokacin da ya matsa ya riƙe turmin don kada ya goce ba. Ba ta dube shi ba, a hankali dai ta ce, "Ka rame, Sarkin Jiƙo."

"Ke ma, Kezina."

Da ta daku, Gwaggo Ishatu ta dunƙula ɗaya ta miƙa wa ƙanenta. Ya dubi hannun, ya dubi fuskarta. Sannan ya karɓa, ya gutsura, ya tauna, hawaye na bin gemunsa.

"Citta ta yi yawa," in ji shi.

"Haka kake sonta tun kana yaro."

Ya share fuska ya juyo wajen Nwabueze. "Maganar murhu tana nan. Ban janye ba."

Gwaggo ta ce, "Akwai ɗaki a gidana, da murhu har da itace. Ya kwana a sitonsa ran da aiki ya matsa, ita tana wajena."

Bayan an kwashe auduga aka ɗaura aure a coci. Da aka fito, 'yan Gabas da Hausawa da mutanen Tudun Jukun suka cika ƙofar gida, Malam Edward da kansa ya ɗauki akushi yana bi yana raba gumba. Ya dafa kan ango da amarya ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa kada a raba ku da naku kuna da rai." Gwaggo Ishatu ce ta fi kowa ɗaga murya da amin.

Washegari ango ya tattara itace zai hura wa amarya murhu, ya tsaya yana jujjuya ashana don ya manta yadda ake ƙyasta ta. Keziya ta karɓe ashanar ta ajiye.

"Bari sai gobe. Miƙo kwanon, ga ƙuli-ƙuli."

Allah ya bar su tare.